Ba Madogara

Ƙarfe ɗayan dare a Agege.
An kawo wuta, fanka ta farka tana tari,
na buɗe waya ina neman kalma ɗaya
a kundin sanin nan da aka ce na kowa ne,
kowa na iya sa masa hannu.

Kaciya.

Sun ce aikin likita ne a jikin jariri:
farin ɗaki, safar hannu, takardar amincewa.
Sai gardama ta biyo baya, layi arba'in,
wani daga ƙasar ƙanƙara ya ce zalunci ne,
wani daga wata ƙasar ƙanƙarar ya ce kariya ce.
Can ƙasa, wajen wutsiya,
aka yaga mana rabin layi:
wasu ƙabilu ma suna yi.

Wasu ƙabilu.
Ga Baba nan bayan labule, Tanimu wanzami,
shekara talatin zabira na cin kafaɗarsa
daga Oko-Oba zuwa Idi-Araba.
A Ikko ba ƙasar haƙa rami,
siminti ne ko'ina,
sai ya zuba yashi a tasa,
ya jera 'yan shekara bakwai ranar hutun makaranta,
ya ce wa kowane, dubi jirgin can da zai sauka Ikeja,
kafin yaro ya sauke ido an gama.
Kara tsakanin gwiwoyi, kunu mai zafi,
kazar da uwa ta ci bashi ta saya.
Sau ɗaya jini ya ƙi tsayawa,
ya ɗauki yaron a kafaɗa har asibiti,
tun ranar kowane yaro da sabuwar askarsa.

Duk na rubuta, har da jinin.

Minti goma sha ɗaya ya yi a duniya.
Wani da ban san fuskarsa ba,
wanda rana ke tsaka a garinsu,
ya share, ya bar mini kalma biyu:
ba madogara.

Madogarata na minshari bayan labule.
Ba ta da lambar shafi.
A gidanmu gani ya kori ji,
a can ji ne ke korar gani,
in dai wani baƙo ya ji, ya buga a littafi.

Da safe wajen famfo na ba Iya Morufu labari.
Ta ce, mu tun yaro na cikin zani,
bai ma san yana da jiki ba.
Ita ma ba ta cikin kundin.
Anti Balaraba ungozoma ta ajiye bokiti da ƙarfi,
ta ce, ni abin da ke ci mini rai,
abin da ake yi wa 'yan mata
shi ma a kira shi kaciya?
Na ga abin da yake jawowa ranar haihuwa.
Ɓarna ce, a rubuta ɓarna.
Na ce, Anti, zo ki rubuta da kanki.
Ta yi dariya ba daɗi:
aikin dare, mota biyu zuwa Mushin, goyo a gida,
wa zai riƙe mini bokiti?

Ashe kundin kowa
na mai wuta ne, mai kati, mai zaman banza bayan la'asar,
kuma yawancinsu gemu gare su.

Da dare na kunna wa Baba rikoda.
Ya ce, su wa suka tambaya?
Na ce, ba kowa.
Ya daɗe yana goga aska a tafin hannu,
sannan ya gyara zama,
ya fara daga sunan wanda ya koya wa kakansa.

Aka ɗauke wuta yana kan na uku.
Saura kashi tara a batir.
Na ce, ci gaba, Baba, ina ji.